Mazon da Wuƙa Ba Ta Riska Ba

A gidanmu na unguwar Nima ni na fi kowa ilimi, kuma ba alfahari nake yi ba. Aji uku na yi a makarantar boko kafin malamin ya gane cewa ya zuba mini iyakar abin da kaina zai ɗauka, ya sallame ni. Da wannan aji uku na samu aikin masinja a wani ofishin gwamnati cikin gari, aka ba ni wandon kaki da keke mai ƙararrawa. A unguwa kuwa ba mai ce mini masinja. Karaci ake kirana, wato akawu a bakin mutanen nan, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba.

Mijin yayata ne ya laƙa mini sunan. Tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama ya dawo da igiya biyu a hannun riga da kunnen hagu wanda ba ya ji. Kofur muke ce masa, har ita Yayar. Da rana yana gadin ƙofa a wani wurin ajiye katako, ranar Asabar a tashe su da azahar, Lahadi tasa ce. Hausarsa ta bariki ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa, na yi shekaru ina yi masa gyara yana ce mini in kai gyaran ofis a buga masa hatimi. Tsakanina da shi wasan ƙanin mata ne da mijin ya. Ina ce masa a yaƙin nan girki ya yi wa Turawa, yana ce mini kekena ya fi ni sanin aikin gwamnati.

Yaya ita ta rene ni bayan rasuwar innarmu, ita ta taho da ni kudu ina riƙe da gefen zanenta. Ɗakinsu da nawa suna kallon juna a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, daf da babbar kwatar da ta ratsa unguwa. Koko da ƙosai take sayarwa da safe a bakin hanya. Har na yi gemu na yi aure, Auta take kirana, kuma in na wuce da keke sai ta tsayar da ni a gaban mutane ta duba ko na wanke bayan kunne.

Kofur yana da bindiga mai baki ɗaya, irin wadda ake ɓallewa a tsakiya a sa harsashi, da lasin ɗinta a naɗe cikin ledar taba. Bai cika sayen harsashin kanti ba. Kwanson da aka riga aka harba yake tarawa ya sake ɗurawa da kansa, kuma ranar Asabar bayan la'asar ke nan aikinsa, a gindin dogon-yaron tsakar gida. Dalma kuwa wajen masunta Ankarawa, 'yan asalin garin, yake samowa a bakin teku, tsofaffin da suka cire daga ragar kamun kifi, har warin teku suke yi. Sai ya narka su a gwangwanin kifi bisa kurfoti, wato murhun gawayi, ya kwashe dattin da ya taso, ya zuba cikin wani ƙarfe mai kamar awartaki da rami a bakinsa, wanda wani maƙeri a unguwar Mamobi ya ƙera masa. Albarushi da 'yar hular gindin kwanso, wadda ake sara ta kama wuta, su ne kaɗai yake sayowa da takarda a cikin gari. Abin toshewa kuma daga tsohuwar malafarsa ta soja yake yankowa, har malafar ta koma kamar rariya.

Iri uku yake ɗurawa. Akwai ƙanana kamar gero, na zabin daji da fakara. Akwai masu girman wake, na gada da gyazbi. Sai kuma ƙwallo guda, na mazo. Wanda bai san mazo ba, ɗan'uwan barewa ne, ja mai zanen fari a jiki, yana son kurmi da bakin rafi, kuma a lokacin akwai su a gindin duwatsun da ke bayan garin Dodowa. A kan ƙwallon mazon nan ne Kofur ya fi ɓata lokaci. Yana da sikeli na marfin gwangwanin madara biyu da zare, yana da wata tsakuwa baƙa mai santsi da ya tsinto a rafin garinsu. Kowane ƙwallo sai ya hau sikeli da tsakuwar nan. Wanda ya rinjaye ta ya koma wuta, wanda ta rinjaya ya koma wuta, wanda ya fito da ƙofa ko kumfa a jiki ya koma wuta. Sai ya zuba goma ya ɗauki biyu.

Na taɓa ce masa, "Kofur, ko mai sayar da zinariya ba ya wannan ƙaƙale. Dalma ce fa. Ka cika ta da yawa ka ɗirka wa dabba ta mutu, a huta."

Ya juyo mini da kunnen dama ya ce, "Karaci, wa ya ce maka ina so ya mutu?"

A nan ne ya karanta mini darasin da ban samu a aji uku ba. Mu mutanen zango, Musulmin da suka zo daga arewa, ba ma cin naman dajin da ake ratayewa a bakin hanya, domin ba a san yadda ya mutu ba. Abin da muka tashi da shi, in wuƙa ba ta bi wuya ba, mushe ne. Saboda haka maharbi Musulmi yana tsakanin abu biyu. In harsashi ya yi sauƙi, dabba ta tafi da rauni ta mutu a inda ba a gani. Ya taɓa yi wa wani mazo haka da harsashin gada, ya bi jini har yamma bai same shi ba, sai bayan kwana uku ungulu suka nuna masa wurin. Wata guda bai sa nama a baki ba. In kuma harsashi ya yi ƙarfi, kafin ka iso rai ya fita. Tsakuwar nan ita ce tsakiyar: nauyin da zai karya kafaɗa ya kayar, ya bar maka numfashin da za ka iso da wuƙa.

Ya ce, "Harsashi masinja ne, kamar kai. Aikinsa ya tsayar mini da mutum a ƙofa har in zo. Wuƙa shi ne mai sa hannu a takarda."

Aibin ƙwallonsa ɗaya ne, ba ya cin nisa. Ya wuce taki arba'in sai ya fara sunkuyar da kai. Dole sai Kofur ya ja ciki ya matsa har ya ga ƙudan da ke kan kunnen dabba. Shi ya sa sau da yawa yakan dawo hannu wofi, ni kuma in tsaya a ƙofar gida in sara masa irin ta soja, in tambaye shi ko abokan gaba sun janye. Amma in ya kawo, duk unguwa ba mai tambaya. Naman Kofur ne, shi ke nan. Liman kansa yakan aiko da kwano.

A shekarar da ta bi bayan samun 'yancin kai, bayan damina ta ja baya, Yaya ta kwanta. Ciwon ciki ne aka fara cewa. Muka kai ta asibiti, suka duba, suka ba da magani, suka kira Kofur gefe suka yi masa maganar da bai maimaita mini ba, ni ma ban tambaya ba. Muka dawo da ita gida. Matar da ke ɗaukar tukunyar koko ita kaɗai ta koma sai an tayar da ita zaune. Abinci ya fita ranta. A kawo tuwo ta kau da kai, a kawo shinkafa da wake ta ce a ba Auta. Matan gida suna karɓa-karɓa wajen jinya, kowace da abin da take rantsuwa zai buɗe mata ciki, ba wanda ya buɗe.

Wata Alhamis da hantsi, ba mu je aiki ba, muna zaune ni da Kofur a bakin gadonta, sai ta ce, "Auta, ka tuna romon mazon Baba?"

Ban tuna ba, ina ƙarami ƙwarai babanmu ya rasu. Amma na ce na tuna.

Ta ce, "Ƙarya kake, lokacin ko haƙori ba ka da shi. Da daddawa yake yi, da barkono, ba ya yarda mace ta taɓa tukunyar. Shi nake so." Ta dubi mijinta. "Ba romon kaɗai ba, Kofur. Ina so in tauna."

Wata biyu ke nan ba ta nemi komai da bakinta ba. Kofur ya tashi ya fita. Na same shi a gindin dogon-yaro yana goge bindiga, ranar Alhamis, abin da bai taɓa yi ba.

Yanzu ga inda ilimina ya shigo. A makon nan Baturen da nake wa aike yana haɗa kaya zai koma ƙasarsu. Yana kwashe durowa ya ci karo da wani ɗan kwali, ya san ina da suruki maharbi, ya miƙo mini. Harsashi biyar ne a ciki, jajaye, gindinsu na walƙiya, ya ce da su yake harbin ɓauna a arewa. Na taho da su a aljihun ƙirji kamar an ba ni lambar girma. Ranar Asabar Kofur yana fifita kurfoti, na aje masa kwalin a gaba, na karanta masa rubutun jiki da ƙarfi. Inda na iya na karanta, inda ban iya ba na ƙara daga kaina.

Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya. Gindinsa ya yi daidai da bindigarsa. Sai ya sa wuƙa ya farke shi, ina ihu. Dalmar ciki doguwa ce, ba ƙwallo ba. Ya ɗora ta a sikeli, tsakuwarsa ta yi sama kamar an tsorata ta. Ya zazzage albarushin a tafin hannu, ba baƙi ba ne irin nasa, ya shinshina.

Ya ce, "Wannan ba masinja ba ne, Karaci. Wannan alƙali ne. Kafin in zo ya yanke hukunci."

Na ce, "Injiniyoyi ne suka yi shi a Ingila, ba gwangwanin kifi ba."

Ya ce, "Injiniya yana yanka?"

Ya tura mini kwalin da ƙafa, ya ci gaba da aikinsa. Ya ɗura biyu nasa. Ni kuma na zari ɗaya daga cikin jajayen na sa a aljihu, ban gaya masa ba.

Da yammacin nan muka hau mota zuwa wajen Dodowa, ni ne mai taya ɗauko kaya. Muka kwana a rugar wasu Fulani da ya saba da su, muka yi sallar asuba, muka kama hanya. Kafin rana ta ɗaga mun kwanta a bayan wani suri, rafi a gabanmu, iska tana busowa daga can zuwa nan, yadda yake so. Muka jira har ƙafata ta mutu. Tururuwa ta shiga wandon gwamnati, ban isa in motsa ba.

Sai ga shi. Namiji ne babba, ƙaho a murɗe, wuyansa ya yi duhu don tsufa. Amma ba ta inda Kofur ya zata ya fito ba. Can ƙetaren rafi ya ɓullo, a wani fili, ya fi taki saba'in, kuma tsakaninmu da shi ba wani abin ɓuya sai ruwa da yashi. Ya ɗan ci ganye, ya ɗaga kai, ya fara takawa zuwa kurmi. Na ga Kofur ya ɗaga bindiga, ya auna, ya sauke. Ya sake ɗagawa ya sauke. Ya san ƙwallonsa ba zai kai ba, in ma ya kai, rauni zai yi.

Na zaro jan harsashin na cusa masa a hannu. Na kai bakina kunnensa na dama na ce, "In ya shiga kurmin nan, sai wata Lahadi. Yaya za ta kai wata Lahadi?"

Ban taɓa faɗin abin da ya fi wannan mugunta ba, kuma har yau ban ga inda na yi ƙarya a ciki ba.

Ya dube ni. Ya lulluɓe bindigar da rigarsa don kada ta yi ƙara, ya ɓalle ta, ya cire nasa, ya sa nawa. Ya auna kafaɗa kamar yadda ya saba. Ƙarar ba irin tasa ba ce mai kauri da hayaƙi, wannan kamar an tsaga katako. Mazon bai yi ko tsalle ba, ya zube a inda yake.

Ban san Kofur yana iya gudu ba sai ran nan. Ya yar da bindiga, ya faɗa rafi da wuƙa a hannu, ruwa har gwiwa, ya haye yana tuntuɓe. Ko da na iso yana durƙushe, ya kama ƙaho ya juya wuyan gabas, wuƙa na kan maƙogwaro, amma bai ja ba. Ya tsinko ciyawa ya taɓa idon. Ido bai ƙifta ba. Ya dubi jela, ya dubi ƙafafu, ya sa tafin hannu a haƙarƙari. Harsashin ya shiga kafaɗar nan ya fita ta waccan, ya tafi da duk abin da ya tarar a hanya.

Na ce, "Yanka mana! Da ɗuminsa fa!"

Ya ce, "Ina jira ya motsa. Ko ido, ko jela."

Na kama ƙafar baya na girgiza. "Ga shi nan ya motsa!"

Ya ce, "Kai ka motsa."

Na ce masa daga ni sai shi sai Allah a dajin nan, kuma ni ban da baki. Na ce ya ja wuƙar kawai a ga alama a wuya, wa zai bincika? Ya mayar da wuƙa kube. Ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana shafa wuyan dabbar. Daga baya ya ce in saro sanda. Muka ɗaure ƙafafu muka rataya, muka ɗauko shi yadda yake, wuya lafiya lau, ba a taɓa ba.

Bayan azahar muka shigo Nima. Tun daga bakin hanya mutane suka biyo mu, mata na guɗa, wata ta ruga gida ta ce a ɗora tukunya. Kofur bai nufi gida ba. Ya wuce da mu ƙofar masallaci, inda Liman ke zaune a kan buzu, muka sauke a gabansa. Liman dattijo ne, daga ƙasar Hausa ya zo tun yana saurayi, Hausarsa a cike take kamar an tace. Ya san halin da Yaya take ciki, shi yake aiko mata da rubutu. Ya dubi wuyan, ya dubi Kofur, ya sa aka matsar da mutane baya.

Kofur ya faɗi yadda aka yi. Bai ce ni na ba shi harsashin ba, ya ce ya sa wanda ba nasa ba.

Liman ya ce, "Kofur, abin bai kai yadda mutanenmu suka ɗauka tsanani ba. Malamai sun yi sauƙi a kan naman daji. Idan maharbi ya harba da nufin harbin nan ya zama shi ne yankan, ya ambaci sunan Allah, ya iso ya tarar rai ya fita, ana ci. To, ina tambayarka, ka natsu kafin ka amsa. Da ka ja kunamar bindiga, me ka nufa?"

Zuciyata ta yi sanyi. Ban san da wannan ƙofa ba, ga ta an buɗe mana har bango. Na taka ƙafar Kofur.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na nufa ya faɗi in zo in yanka."

Liman ya gyara zama. "Na ji. Amma da ka ga nisa, ka ga harsashin mai ƙarfi ne, bai ɗarsu a ranka ba cewa in ya mutu da wannan, to shi ne yankansa?"

Na ƙara taka shi, har da murzawa. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, kunnensa ne, bai ji tambayar ba. Cewa yake e."

Kofur ya janye ƙafarsa ya ce, "Na ji. Bai zo raina ba. Shekara ashirin abu ɗaya nake nufa, yau ma shi na nufa."

"Bisimilla fa?"

"Yana kan wuƙa, Malam. Can nake ajiye shi."

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na ce ai marar lafiya ce, ai lalura ce. Ya ce da a ce babu wani abinci a duniya sai wannan, da shi da kansa zai feɗe, amma ga mahauta cike da kasuwa, wannan marmari ne, Allah ya ba ta lafiya. Sannan ya dubi Kofur ya ce, "Na buɗe maka iyakar yadda zan iya, ka ƙi shiga. Ba ya ciwuwa." Muryarsa ba ta yi kama da ta mai faɗa ba.

Akwai wasu maƙwabtanmu a ƙetaren kwata, leburori ne, ba sa salla, muna zaman lafiya da su. Su aka kira suka ɗauka. Matar da ta ɗora tukunya ta sauke.

Ni kuwa ilimina bai ƙare ba. Na zaga wajen mahauta na samo naman akuya, na sa matata ta yi romo da daddawa mai yawa, na shiga da shi ɗakin Yaya da fuskar mai albishir. Ko cokali ba ta ɗauka ba. Ta ce, "Auta, akuya ce. Kai tun kana yaro in za ka yi ƙarya sai hancinka ya buɗe." Ashe labari ya riga ni, gidan haya ba ya riƙe magana.

Kofur ya shigo ya tsaya daga bakin ƙofa, har yanzu wandonsa da laka.

Ta ce, "An ce ka kawo mini baƙo ya tsaya a masallaci."

Ya ce, "Mushe ne."

"Mai kyau ne?"

"Mai kyau. Ƙaho haka." Ya gwada da hannu.

Ta rufe ido, na zaci kuka za ta yi. Sai ta ce, "To, ka gaya wa ɗan'uwansa ina nan ina jira."

Kafin magariba ƙanshin girkin mutanen ƙetare ya hayo kwata ya cika gidanmu. Na tashi zan rufe taga. Ta ce in bar ta a buɗe.

Makon nan na san tsawon kwana bakwai. Ran Litinin ta ci lomar tuwo biyu, ta tauna ɗan busasshen kifi. Ran Laraba kifin ya gagara. Ran Juma'a koko ma sai an tsinka shi da ruwa. Kofur yana zuwa aiki yana dawowa, bai ce mini komai ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na daina sara masa a ƙofa. Ran Asabar bayan la'asar ya fito da kurfoti ya ce, "Karaci, zo ka yi fifita." Na zauna a ƙasa da wandon kaki na yi fifita. Ya zuba goma sha huɗu ran nan kafin ya yarda da biyu. In ya ɗaga sikelin, sai ya jira zaren ya tsaya cik sannan ya duba. Da zai rufe kwanso na biyu ya miƙo mini ƙwallon ya ce in riƙe in ji. Na riƙe. Ban ji komai ba sai ɗumi, amma na gyaɗa kai kamar na gane.

Washegari bai kwanta a bayan suri ba. Ya bar ni can, ya haye rafi tun da sauran sanyin safiya, ya shiga ciyawa da ciki. Na fi awa biyu ban san inda yake ba. Sai na ji ƙarar nan tasa mai kauri, na ga hayaƙi ya tashi fari, na ji abu yana bugun ƙasa. Sannan na ji muryarsa, da ƙarfi yadda ko mai kunne irin nasa zai ji daga ƙetare: "Bismillahi, Allahu akbar." Wannan bai kai na farko girma ba, ƙahonsa bai gama murɗewa ba. Jini ya zuba sosai a kan yashi.

Kofur bai bar mace ta taɓa tukunyar ba. Shi ya yi romon da kansa a tsakar gida, da daddawa da barkono, yana leƙawa ɗaki yana tambayar Yaya me ake sawa kafin me. Na tallafe ta zaune, ya ba ta a cokali. Ta sha ɗaya, ta huta. Ta sha na biyu, ta sha na uku. Ya zaɓo wata 'yar tsoka da ta dahu har tana rabewa, ya sa mata a baki. Ta riƙe ta, na ga muƙamuƙinta ya gwada sau ɗaya, ya gwada sau biyu. Ta tsotsa, ta daɗe tana tsotsa, sannan ta fito da ita a tafin hannunta ta rufe.

Ta ce, "Daddawa ta yi kaɗan. Amma shi ne."

Ran Laraba da hantsi ta cika. Liman ya yi mata salla, muka kai ta.

Kofur bai bar farauta ba, ya yi ta har idonsa ya gaza, kuma bai sake sa harsashin wani a bindigarsa ba. Jajayen ukun da suka rage na kai su bakin teku na jefa. Wasanmu ya dawo a hankali, ya ci gaba da ce mini Karaci har bayan da aka ƙara mini girma na zama babban masinja, mai aiken masinjoji. Amma lissafin nan bai bar ni ba. A Lahadin farko tana iya tauna, a ta biyu ba ta iya. Wani lokaci in ce ni ne, da na cusa masa harsashin. Wani lokaci in ce da ban cusa ba ma mazon zai shige kurmi, kwana bakwai ɗin dai suna nan. Wani lokaci kuma in ce kalma ɗaya ce tak aka nema a bakinsa a ƙofar masallaci, Liman ya shimfiɗa masa ita har sau biyu.

Sau ɗaya na tambaye shi, bayan shekaru, ya tsufa ƙwarai, muna zaune a gindin dogon-yaron nan da la'asar. Na ce, "Kofur, ran nan da ka ce wa Liman e, da Yaya ta tauna namanta."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya nuna kunnensa da yatsa ya ce, "Karaci, ka san wannan ba ya ji."

A damansa nake zaune.